Hankakan Sito da Baturen Kifi

Akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba a aikin sito: ranar da aka ce in dawo da tsuntsun da aka sa ni na kora. Ku sababbin 'yan dako kuna ji ana ce mini Mai Shere, ba ku san dalili ba. Ga shi.

Ni ne hedima a wani siton busasshen kifi a Ijora, cikin Legas, wato shugaban masu sauke kaya. Kifin daga Norway yake zuwa, dila-dila, a ɗauko shi daga Apapa. Ibo na ce masa okporoko. Aikina in ga an sauke, an jera a kan katako, ruwa bai taɓa ba, ɓera bai ci ba. Ban yi boko ba. Turancin buroka kawai na tsinta a bakin tasha.

Mai siton, Oga Obinna, ba ya son doguwar magana. Ni ma haka. Shi ya sa muka daɗe tare.

Duk shekara kamfanin da ke aiko mana kifi yakan turo wani Bature ya duba sito. In bai gamsu ba, sai a ba wani dillalin kayan, mu kuma mu koma zaman benci. Zuwansa na farko, Oga yana ofis yana waya, Baturen ya zauna a bencina yana fifita da hula. Sai ya hango hankaki biyu da suka yi sheƙa a ƙarƙashin tankin ruwanmu. Ya miƙe kamar ya ga ɗan garinsu.

Ya ce a ƙasarsu akwai tsuntsu mai irin wannan riga, baƙi da fari, sai dai nasu ya fi ƙanƙanta, wutsiyarsa doguwa. Ya karɓi allin da muke sa wa dila alama ya rubuta sunan a ƙofar sito: skjære. A kunnena dai “shere” na ji. Ya ce sunan tsoho ne, kakannin kakanninsu skjor suke cewa, kuma har yau akwai yankunan da ba su sake ba. Inda su kuma suka samo shi, ya ce masu ilimi ba su gama gardama ba. Amma kakarsa ta yanke nata hukuncin: a yarensu kalmar yanka ma haka take, to kukan tsuntsun ne ke yanka kunne. Ya ƙara da cewa a ƙauyensu ba a taɓa sheƙarsa. Tsofaffi sun ce wanda ya rushe ta ya jawo wa gidansa tsiya.

Ya tambaye ni daga ina sunan hankaka ya fito. Na ce ban sani ba, na tarar ana faɗa. Ya yi dariya ya ce amsata ta fi ta malamansu gajarta.

Shekara ta zagayo. Da damina, ana saura mako guda Baturen ya dawo, hankaka ya yi wa gilashin motar Oga kashi. Oga ya kira ni. Ya ce sito na abinci ne, Bature ba zai ga tsuntsu yana shawagi a kan kifinsa ba, in kore su.

Na ce, “Oga, ai Baturen nan...”

Ya ce, “Na tambaye ka?”

Bai tambaye ni ba. Na hau tsani, na zare sheƙar da sanda, babu ƙwai a ciki. Na bi su da danƙo har suka koma hayin layin dogo. Aiki ya yi kyau. Oga har ya ce mini sannu.

Ranar Litinin Bature ya sauka daga mota. Bai kalli kifi ba, bai kalli sabon fentin da aka sha wahalar yi ba. Tanki ya kalla. Ya ce ina tsuntsayensa? Sannan ya ba Oga labarin kakarsa da tsiyar da ke bin mai rushe sheƙa. Yana faɗa yana murmushi, ni na san rabi wasa ne. Oga bai sani ba. Ya rantse wa Bature cewa tsuntsayen kiwo suka fita, kullum a nan suke kwana, shi da kansa yake ba su abinci. Bature ya ce madalla, zai je Ketu da Apapa wajen wasu dillalai, ranar Juma'a zai dawo da kyamara, daga nan ya sa hannu a takardar ci gaba da aiko mana kifi.

Motar na fita, Oga ya juyo.

“Sale, wa ya ce ka kore su?”

“Kai, Oga.”

“To dawo da su. In Juma'a ta yi babu su, kai ma babu kai.”

Ina da mata da 'ya'ya a Agege, ga haya. Ban yi gardama ba. Washegari da sassafe na biya kwata na sayo tumbi da hanji, na riƙo su cikin motar haya ta danfo har Ijora. Wata mata ta zage ni da Yarbanci daga Oshodi har na sauka. Na baza kayan cikin a kan kwanon rumfa, na tsaya.

Hankakin sun zo. Suka sauka a kan wayar lantarki, suka kalli nama, suka kalle ni, suka hau ihu. Ba su sauko ba. Washegari na sake hula. Suka gane ni. Na ari rigar ruwan direban Oga, na ɗaure fuska da ƙyalle. Suka ƙara gayyato 'yan uwansu aka taru ana zagina. 'Yan dako suka bar aiki suna kallo, ɗaya har yana tambaya ko in ba su haƙuri da baki.

Ranar Alhamis na tafi sallar azahar. Na dawo na tarar babu nama ko tsoka. Tanimu, mataimakina, ya ce ina karya kwana suka sauko, suka ci, har ɗaya ya hau tanki da tsinke a baki. Ina dawowa suka tashi. Oga yana tsaye yana ji. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

Ya ce, “Tafi gida. Kada in ga ƙafarka a layin nan.”

Na cire makullan sito na miƙa masa. Na ce na gode da zama.

Ya ce, “Wa ya kore ka? Albashinka na tafiya. Fuskarka ce ba a so.”

Tunda na shigo Legas ban taɓa kwana in tashi babu aiki ba sai lokacin. Matata ta yi zaton ciwo nake ɓoyewa. Ranar Juma'a Tanimu ya kira ni: Bature ya ɗauki hoto har ya gaji, ya duba kifi, ya sa hannu. Ya tambayi ina hedima, Oga ya ce ya ba ni hutu saboda ƙwazo.

Daga nan ya zama doka. Duk shekara in Bature zai zo, ni ake fara sallama. Rubutun allin nan Oga ya sa an bi shi da fenti, yana nan a ƙofa. Hankakin kuma har yau ba mu shirya ba.

Abin da na koya kaɗan ne. In oga ya katse ka a tsakiyar magana, ƙarasa ta, ko zai zage ka. In ya ce rushe, ajiye tarkacen kusa, gobe zai ce gina. Shi oga zuwa Juma'a ya manta abin da ya ce ranar Litinin. Hankaka ne ba ya mantuwa.