Gaisuwar da ta ci aikin Madam Rahila

Ku yaran yanzu da kuka iske ordinater, wato kwamfuta, cikin aljihu, ku zauna ku ji. Na zaga Agadas, na ci kasuwar Lome, na kwana bakin iyakar Libiya, amma har gobe ban manta da ranar da na buɗe wasiƙar da ba tawa ba a buro ɗinmu, wato ofishinmu na Madawa.

Shekarar 1999 ce, gab da saukar damina. Ina aiki a wani porje na dashen itace, ni ne mai kula da motoci da kaya. Muna da reshe a Buza da Kaita, amma mashin ɗaya tak cikin ordinatocinmu ke da layin tarho mai kawo mel, wato wasiƙun ordinater, daga Yamai, kuma yana hannun sakatariyarmu, Madam Rahila. Kirista ce, mijinta na aikin jinya a asibitin mishan. Ni nakan ce mata Madam Disket, ita kuma ta ce mini Alhajin Taya. Dokar shef, shugaban porjen, ɗaya ce: banda Rahila, ba mai taɓa mashin.

Ran nan uwarta ta kwanta ciwo. Ta miƙo mini makulli ta ce, "Alhaji, amana. Ka rufe taga kawai, kar ka latsa komi."

Na shiga rufe taga, sai na ga saƙo ya faɗo da sunan Mushe Sule, tsohon abokin aikinmu da ya koma Yamai. Ya rubuta gaisuwa da Faransanci, ya ce a duba takardar da ya liƙa. To mu Adarawa, mutum ya yi sallama ƙofarka, ka bar shi tsaye cikin rana? Na latsa. Mashin ya ɗan yi gurnani, bai nuna komi ba. Na ce Sule dai har yau rowa, ko gaisuwarsa fanko ce.

Washegari Rahila ta dawo, ta kwafi takardun mako cikin disket, ɗan faifan ajiyar takardun mashin, kamar kullum, na ɗauka na kai Buza, na wuce Kaita. Da hannuna na miƙa musu, har munka sha shayi.

Kwana uku, takardu sunka fara mutuwa. Ka ga sunan rahoto, ka buɗe, ba ko harafi. Aikin shekara uku: sunayen garuruwa, wuraren renon itace, matan Ibohamane da za a rabawa dashe. Yamai kuma sai kira suke, wai Rahila ta aika wa kowa takarda mai cuta.

Aka turo mai gyara. Shi ya yi mana bayani: birus ne, ɗan tsarin da wani mugu ya rubuta. Yana ɓoye cikin abin da aka liƙa wa saƙo. In ka buɗe, ya shiga, ya karanta sunayen mutanenka, ya aika musu kansa da sunanka, sannan ya zauna yana cin takardu. Sule ma bai san ya gaishe mu ba. Inda ba layi kuwa, disket ke kai shi.

"Wato mota ta kai shi Kaita," in ji shef. Aka yi dariya kaɗan. Ni ban yi ba.

Shef ya tara mu ya ce, "Wa ya buɗe?"

Rahila ta dube ni sau ɗaya. Na sunkuyar da kai ina duban takalmina.

Ta ce, "Shef, ni ad da makulli."

Aka ba ta takardar neman bayani, wadda ake ba ma'aikaci kafin horo. Ƙarshen shekara, ba a sabunta kwantiraginta ba. Ni na ce wa raina gobe zan faɗa, gobe zan faɗa, har ta kwashe kayanta.

Bayan shekara shida na gamu da ita tashar Madawa, tana da ɗan shagon buga takardu. Munka gaisa, na tambayi maigida da yara, sannan na ce, "Madam, ni na buɗe."

"Na sani, Alhaji. Ka bar mini jan goro bisa madannai."

"To mi ya hana ki faɗa?"

"Ɗiyanka tara lokacin, in an kore ka wa zai ciyar da su? Kuma jira nike ka faɗa da bakinka." Ta yi murmushi. "Ka dai yi latti, kamar motocinka."

Na yi dariya, hawaye na zuba.

Don haka ku da ke aiki da mashin, ko sunan babanku kuka gani bisa saƙo, ku kira shi tukun ku ji ko shi ya aiko. In kuwa hannunku ya riga ya latsa, ku faɗa tun ranar. Mai gyara ya wanke mashinanmu cikin yini biyu. Abin da na yi wa Rahila da shiruna, ba wanda aka turo daga Yamai ya gyara shi.