Ranar da Genzo Ya Goyo Shugaba

Shekara ashirin da biyu Furihata Genzo ya yi yana aiki a tashar sama ta motar igiya mai kai mutane kan dutse, amma ko sau ɗaya bai taɓa sa ƙafa a cikin motar ba. Ran Litinin da sassafe zai fito daga ƙauyensu da ke gindin dutse a lardin Nagano, ya kama tsohuwar hanyar 'yan dako, awa huɗu cur yana hawa. Sai ya zauna a ɗakin ma'aikata har Juma'a, sannan ya sauko yadda ya hau. Idan dusar ƙanƙara ta rufe hanyar, ya ajiye aiki ya zauna gida har ta narke. Kamfani ya yi magana har ya gaji.

Tun yana ɗan shekara goma sha shida ya fara dako. Buhun shinkafa, garwar kananzir, tulun giya, duk ya ɗaure su a katakon dakonsa ya goya ya kai masaukin da ke kusa da ƙololuwa. Akwai shekarar da ya hau da murhun ƙarfe shi kaɗai, mutanen ƙauye suka yi wata guda suna zancen. Ana haka kamfani ya zo ya kafa turakun ƙarfe, ya ja igiya, ya rataya akwati mai tagogi da ke cin mutum sittin. Tafiyar awa huɗu ta koma minti takwas. 'Yan dako suka watse, wasu birni, wasu gonar tuffa. Genzo ya karɓi aikin yage tikiti da share dandamali, don ya fi son ya ga abin takaici a kan dutse da ya zauna lafiya a ƙasa.

Kuma ya gani. Mata da takalma masu tsini, maza da kwat da laktaye, suna fitowa daga akwatin suna haki kamar su suka jawo shi. Su tambaye shi ina ƙololuwar take, ya nuna musu da haɓa, ya ce saura tafiyar awa biyu. Nan take sha'awar za ta mutu. Sai su jeru gaban allon da aka rubuta tsawon dutsen, a ɗauke su hoto, su ci kwanon taliya, su sayi sanda mai tambarin dutsen, su koma gida su ce sun hau. Shi bai taɓa kiran su baƙi ba. Da ya ji ƙarar injin sai ya ce wa abokan aiki kaya sun iso.

Wata Alhamis cikin kaka, lokacin da ganyaye suka yi ja, kayan da suka iso har da Momose Takuro. Ajinsu ɗaya da Genzo a firamare. Genzo bai manta ranar da malami ya kai su tudun bayan makaranta ba, Takuro ya zauna a tsakiyar hanya yana kuka sai da aka kira uwarsa. Daga baya ya tafi Tokyo, ya zama shugaban wani kamfanin yin kan famfo, ya yi tumbi, ya koyi gaya wa 'yan jarida cewa shi ɗan dutse ne, a kan dutse ya koyi juriya. Yanzu ya cika sittin, ya zo ya taka ƙololuwar dutsen garinsu don a buga a mujallar kamfani. Ma'aikatansa uku na biye da shi, ɗaya riƙe da kyamara, ɗaya ɗauke da jakarsa.

Komai na jikinsa sabo ne. Takalmin ko ƙura bai taɓa gani ba, kuma takardar kanti na nan tana reto a bayan hularsa, ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa.

"Gen! Kai ne nan har yanzu?" in ji shi, yana dafa kafaɗar Genzo. "Ku gan shi nan, tare muka riƙa tsere a duwatsun nan."

"Tikiti, yallaɓai," in ji Genzo.

Da ya ji inda suka nufa, ya gaya musu a taƙaice cewa akwai wani wuri mai tsayi da ake bi ta kan tsakuwa, rami a hagu, kuma hazo zai taso bayan tsakar rana. Momose ya yi dariya ya ce wa yaransa tsufa ya sa Gen tsoro. Suka tafi, Genzo ya koma kan tsintsiyarsa.

Wajen ƙarfe biyu sai ga ɗaya daga cikinsu, wata mata mai suna Ayabe, ta dawo a guje, gwiwar wandonta a yage. Ta ce shugaba ya kai wurin tsakuwar, ya leƙa ramin, ya zauna ya rungume wani dutse, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Awa guda ke nan suna lallashi. Manajan tasha ya fara zancen kiran 'yan ceto daga ƙasa, amma kafin su iso hazo ya rufe ko'ina. Genzo ya shiga ɗakin ajiya ya fito da tsohon katakonsa da igiya.

Ya sami Momose yadda aka faɗa. Fuska ta yi fari fat, ma'aikatan biyu na tsaye a kansa suna kallon ƙasa don kada su ga abin da zai sa a kore su. Genzo bai lallashe shi ba. Ya ɓamɓare yatsunsa daga jikin dutsen ɗaya bayan ɗaya, ya zaunar da shi a kan katakon yana kallon baya, ya ɗaure shi ƙirji da cinya kamar yadda yake ɗaure garwar kananzir, ya durƙusa ya miƙe da shi.

"Gen, kada ka yar da ni."

"Ban taɓa yar da kayan mutane ba. Rufe ido, ka daina motsi."

Kilo tamanin da wani abu ne, a bayan mai shekara sittin. Rabin hanya, a wani gangare, Genzo ya ji wani abu ya tsinke a gwiwarsa ta dama. Ya tsaya ya ja numfashi uku, ya ci gaba. Da suka kusa kwanar ƙarshe, inda ake jiyo hayaniyar tasha, muryar da ke bayansa ta dawo daidai. Momose ya ce a sauke shi nan, ya ji sauƙi, kuma bai kamata jama'a su gan shi haka ba. Genzo ya so ya wuce da shi har gaban allon hoto don kowa ya gan shi a goye. Sai ya ga mutumin bai ma kai a ɓata masa suna ba. Ya kwance shi. Momose ya karkaɗe wando, ya karɓi sandarsa, ya shiga gaba, ya isa dandamali yana ɗaga wa mutane hannu.

Gwiwar kuwa ta kumbura har ta cika wando. Manaja ya ce dole a kai shi asibiti, kuma hanya ɗaya ce. Mutum biyu suka riƙe Genzo suka shigar da shi akwatin, suka zaunar da shi a kan kwalin taliya. Motar ƙarshe ce, don haka Momose ma na ciki, yana nuna wa wasu tsofaffin mata kwazazzabai ta taga yana faɗin sunayensu ba daidai ba. Genzo ya kafa ido a kan takalminsa har suka sauka. Matarsa Tomie ta tambaye shi daga baya yadda ya ji tafiyar, ya ce warin turare da amai.

Bai ƙara hawa dutsen ba. Likita ya yi aiki sau biyu, ƙafar ta warke amma ta ƙi lanƙwasa. Kamfani ya ce ya zo tashar ƙasa ya ci gaba da yage tikiti a zaune, ya ƙi. Ya koma taya Tomie aikin 'yan itatuwan tuffa da ta gada daga mahaifinta.

Bayan wata biyu Ayabe ta aiko masa da mujallar, ba wasiƙa, ba komai. Shafi huɗu aka ba labarin. An rubuta cewa shugaba ya kusa ƙololuwa, ya hango hazo, ya yanke shawarar juyawa don kare rayukan ma'aikatansa, kuma wannan shi ne shugabanci. A ƙasa an gode wa wani ma'aikacin tasha da ya taimaka da ɗaukar kaya. Tomie ta karanta masa a bayyane, ta fusata ta ce sai ta rubuta musu. Genzo ya hana ta, ya ce a layin ƙarshe dai ba su yi ƙarya ba.

Da bazara ta zagayo, hukumar ƙauye ta gayyaci Momose ya yi wa 'yan makaranta jawabi kan jarumta a kan dutse, aka aiko wa Genzo takardar gayyata, kujerar gaba. Ya ce wa ɗan aiken ranar zai yi feshin itatuwa. Kuma feshin ya yi, yana jan ƙafa daga wannan itace zuwa wancan har rana ta faɗi.