Kawu Lenh, Mai Hana Ɓauna Kwana a Dutse

Ranar Talata, sha huɗu ga Nuwamba, lasifikar ƙauyenmu da ta saba kawo mana muryarka ita ta kawo labarin rasuwarka. Kawu Thao Seo Lenh, ka tafi ka bar mu sanyi na bakin ƙofa.

Shekara da shekaru kana karɓar hasashen yanayi daga garin Sa Pa kana juya mana shi zuwa harshenmu na Hmong, kuma ba ka taɓa karanta shi yadda ya zo ba. In sun ce iska mai ƙarfi, sai ka ce a danne rufi da duwatsu. In sun ce dusar ƙanƙara a kan tsauni, sai ka kama kiran suna: "Pao, ɓaunarka na can sama. Ko sai ta daskare za ka je ɗauko nama?" Ka san halinmu sarai. Da an gama girbin shinkafa muke sakin ɓakanen noma su hau dutse, kuma ba mai son bin su cikin hazo.

Wata shekara ka sa muka sauko da su kaf, muka lulluɓe su da buhuna, muka hura musu wuta, sai ga rana ƙwal. Ka sha tsiya a kasuwa. Ka ce, "Ku yi dariya, ai da ɓaunarku a gida kuke yin ta."

A al'adarmu ba a raka dattijo wurin kakanni sai an yanka masa ɓauna. Gidanka kuwa ɗaya ce tak, ita ke nome gonar da iyalinka ke ci. Kana kwance ka roƙi matarka, Inna Dua, kada a taɓa ta. Ranar jana'iza dattawa suka taso mata: "Haka za mu tura shi hannu rabbana?"

Ta tsaya riƙe da igiyar ɓaunar ta ce, "Mutumin da ya ƙarar da muryarsa wajen hana ɓakane mutuwa? Ku yanka alade. In kakanni sun tambaya zai yi musu bayani, ai aikinsa ke nan."

Muka yi dariya da hawaye a fuska. Ni dai a nan kewarka ta kama ni sosai.

Allah ya ji ƙanka, Kawu, ya yafe kurakuranka, ya sa ka huta. Allah ya ba Inna Dua da 'ya'yanka haƙurin wannan rashi. Ɓaunar tana nan a garke, in ruwa ya sauka ita za ta yi musu huɗa.