Hannun da nake murza shinkafa da shi

Salamu alaikum. Wata takwas ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko na bar Lafia ne, ina nan. Da hannun hagu nake rubuta wannan, ku yi haƙuri da ni.

Waɗanda suka san ni sun san sana'ata. Ina sayo shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a ƙauyuka, in turara, in shanya, in kai inji. Yau Adogi, gobe Arikya, jibi Kwandere. Ba ni da ranar hutu, ko Juma'a.

Kuma ba na yarda kowa ya sayo mini. Sai na damƙi shinkafa na murza a tafin hannuna na dama, nan take in san ko ta bushe ko an yayyafa mata ruwa. Ƙanwata Talatu ta sha cewa, "Yaya, ki koya mini, ki riƙa hutawa ko kwana ɗaya." Sai in ce mata hannu ba a aronsa.

Ciwon kai ne ya fara, ta ƙeya. Sai mantuwa. Sai faɗa, wallahi har da kaji nake yi. Wata rana na tsinci kaina ina kuka a gaban tukunyar turara shinkafa, ba wanda ya taɓa ni.

Amma in an ce, "Maman Sadiya, ina gajiya?" sai in ce, "Ba gajiya." Haka muka tashi muka ji ana amsawa.

Mai kemis na ƙulla mini haɗin ƙwayoyi a leda, in watsa, in kora da lemon ƙarin kuzari, in hau mota. Na fi shekara a haka.

Ranar da abin ya faru ina kasuwar Adogi. Na tura hannu cikin buhu, shinkafar ta zube ta tsakanin yatsuna. Na sake damƙa, ta sake zubewa. Wata Bafulatana mai nono da muka saba ta zuba mini ido ta ce, "Hajiya, bakinki ya karkace fa."

Na buɗe baki in ce ba komai. Maganar ta ƙi fita.

A asibiti nas ta gwada jinina sau biyu, ta canza na'ura ta sake. Likita ya tambayi maigidana, "Yaushe rabonta da awon hawan jini?" Baban Sadiya ya juyo ya dube ni. Tun haihuwar autana ne.

Shanyewar ɓarin jiki. Aka yi hoton kai, aka ɗebi jini, allura safe da yamma. Buhunan da na tara tun kaka duk suka tafi a magani. Talatu ke juya ni, ita ke kai ni bayi. Ni da ko tsintsiya ban yarda a riƙe mini ba. Na ji kunya, na ji tsoro, na yi kuka har na gaji.

Matar da ke gadon kusa da ni, mai tuyar ƙosai ce, irin ciwona. Ranar Talata aka naɗe katifarta, Allah ya jiƙanta.

Na tambayi likita ko hannun zai dawo. Ya ce, "Mama, jikinki ya daɗe yana miki magana. Za mu yi iya ƙoƙarinmu."

Wata biyar ina zuwa wurin masu motsa gaɓoɓi, ina matsa ƙwallon roba kamar yarinya. Alhamdu lillahi, ƙafa ta taka, baki ya miƙe, ina riƙe cokali. Na gode wa Allah, na gode wa Baban Sadiya da ma'aikatan asibiti. Talatu, Allah ya biya ki, ni ba zan iya ba.

Don Allah ku auna jininku ko ba ku jin komai. Ku bar haɗin kemis. Ku ware rana ɗaya ku zauna, kasuwa ba ta gudu. Ku koya wa wani aikinku tun kuna tsaye. In kun gaji, ku ce kun gaji.

Makon jiya Talatu ta kawo samfur daga Arikya, ta zuba mini a tafin dama. Na murza. Na sake murzawa. Ina ganin shinkafar da idona, amma hannun bai ji komai ba.

Na miƙa mata na ce, "Ke faɗa mini, ta bushe?"