Ranar da Na Hana Gidanmu Motsi

'Yar yayana ce, a hannuna ta tashi a gidanmu na Koki. Yarinya ga kai, amma da an ce jarrabawa sai ta daskare, gumi ya jiƙe mata hijabi. Sau biyu tana miƙa takarda fara fes ta dawo gida tana kuka. Abin yana ci mini rai, ni da na ƙare rayuwata ina koyarwa a firamare.

Sai muka samu labarin wani kwas na intanet, wanda in mutum ya ci, jami'a za ta lissafa masa cikin karatunsa. A gida ake karatun, a gida ake jarrabawar, kyamarar kwamfuta na kallonka. Wayyo daɗi! Na ce shi ke nan, an raba mu da ɗakin jarrabawa. Ita kuwa cewa ta yi, "Gwaggo, wannan ce ta ƙarshe. In na sake daskarewa, na haƙura da boko." Na ce ta rufe mini baki, amma na san da gaske take.

Watanni muka yi muna gwaji a tsakar gida. Ni ce mai tambaya, ita ke amsawa, mata na surfe, awaki na kuka, rediyon maƙwabta na ta surutu. Ko gezau, amsa take zubowa.

Dokar jarrabawar ita ce ta zauna ita kaɗai a ɗaki, ba mai shiga, ba mai yi mata magana. Ni kuma da zaƙewa na ƙara nawa. Tun da safe na bi gida-gida ina roƙo. Aka kashe rediyo, aka kora awaki gidan ƙanwata, yara aka tura su Ƙofar Ruwa wajen kakarsu. Matan gida na ce duk wadda ta yi tari za ta gamu da ni. Gida ya yi tsit, ina ta jin kaina kamar wata hakima.

Da hantsi ta shiga. Na rakuɓe nesa, inda nake hango ta ta gefen labulen taga. Minti ya wuce, wani ya bi. Hannayenta na kan cinya, idonta ƙur a kan kwamfuta. Can na ga kafaɗarta ta fara rawa.

Innalillahi! Wannan shirun ai shi ne na ɗakin jarrabawa, ni na ɗauko shi da hannuna na kawo mata har gida. Ga shi ba damar in yi magana, kada a soke mata komai.

Ban san lokacin da na jawo turmi na zuba gero ba. Na ɗaga taɓarya na sauke, dum! Matar yayana, uwar yarinyar, ta fito ido waje tana raɗa, "Gwaggo, kin haukace ne? Ke fa kika hana!"

"Ɗauko taɓarya, dalla," na ce mata, "magana ce aka hana, ba daka ba."

Muka kama lugude. Maƙwabciya ta ji, ta ɗauka an gama, ta kunna rediyonta. Zakara ma ya samu baki. Ina daka ina leƙe. Kafaɗar ta lafa. Hannu ɗaya ya hau kwamfuta, sannan ɗayan, sai ga yatsu suna gudu. Wallahi saura kaɗan in yi guɗa, na cije leɓe na ƙara wa taɓarya ƙarfi.

Rabona da daka an yi shekaru. Bayana ya riƙe, tafin hannuna ya yi bororo, geron ya zama gari, muka juye muka zuba wani. Tsayawa dai ban yi ba, tsoro nake kada in ajiye ta tsaya.

Da ta ɗaga labule ta fito, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana haki. Sakamakon nan take yake fitowa, na sani.

"Kin ci?" uwarta ta ce.

"Na ci, Umma." Ta juyo gare ni, hawaye na zuba, tana dariya. "Gwaggo, har ta ƙarshe na amsa. Ban taɓa ganin tambayar ƙarshe ba sai yau."

Na saki guɗa har sai da muryata ta dishe.