Durƙuson da Malam Kyari Ya Koya Mini

Ina zaune a zaure bayan azahar wani mutumin Hamdara ya yi sallama, ya tsuguna, ya ce Malam Kyari ya cika da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni da 'ya'yana suke cewa ba a raba ni da surutu, ranar na kasa ko amsa wa baƙon nan gaisuwa. Mutumin da ya koya mini magana ne ya tafi.

Shi ne malaminmu a lakwal, makarantar boko, zamanin Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba, ana kama yara a kai makaranta iyaye suna bin su da kuka. Dogo ne siriri, ba ya son ƙunƙuni. Yakan tsayar da mu ɗaya bayan ɗaya a gindin tsamiya mu yi jawabi da Faransanci, shi kuwa ya koma can bakin katanga ya kama kunne. "Ban ji ba, Isuhu. Da tururuwa kake magana?" Bai taɓa dukan yaro don in'ina ba. Yakan ce, "Abin da ba za ka iya maimaita wa uwarka da Hausa ba, ba ka san shi ba, haddacewa kawai ka yi."

Wata shekara shugaban makaranta, wani Banasare, ya shirya gasar jawabi a gaban kwamanda, Banasaren da ke mulkin yankin, aka gayyaci dattawan gari da iyaye. Ƙa'idarsu ita ce ka tsaya ƙyam, ka ɗaga kai, ka dubi jama'a cikin ido. Mu kuwa a gidajenmu yaro ba ya tsayawa a kan manya, balle ya zuba musu ido. Mahaifina, baduku ne a Birni, da ma ba ya ƙaunar lakwal. Ya ce mini, "Zan zo. In na ga ka tsaya kana ƙure dattawa da ido, to ka gama karatu. Kano zan aika ka wurin ƙanena, inda ba mai samun ka."

Na kai wa Malam maganar ina hawaye, don ina son karatun nan kamar raina. Ya ce, "In an kira ka, cire takalmi, ka durƙusa gaban dattawa ka nemi izini da Hausa. Kada ka tashi sai an ce ka tashi." Na ce ai za a rage mini maki. Ya ce, "Za a rage. Faɗan kuma ni zai hau, ba kai ba."

Haka na yi. Na durƙusa a cikin rairayi na ce, "Iyayena, an umarce ni in tsaya in dube ku. Ku yafe mini, ku ba ni izini." Fuskar shugaban makaranta ta yi jawur. Can sai na ji muryar mahaifina daga baya, "Tashi, Isuhu. Dube mu." Na tashi, na yi jawabin da ban taɓa yin irinsa ba.

Na uku na zo. Shugaban ya ce malami ne ya koya wa yara ɓata tsari, kafin damina aka mayar da Malam garin Takieta, nesa da iyalinsa. Ranar da zai tafi na je ina ba shi haƙuri, ya daka mini tsawa. "Haƙurin me? Na ɗaya littafi aka ba shi. Kai mahaifinka ya bar ka a lakwal."

Duk abin da na zama, a kan wannan ƙaurar tasa na zama shi, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa yi mini gori ba. Abin da ke ci mini rai shi ne na yi jawabi a gaban manya ba adadi, amma ban taɓa zama na gode masa yadda ya kamata ba. Jiya na je Hamdara, na cire takalmi na durƙusa a gefen kabarinsa. Na jima a nan, ba wanda ya ce in tashi.

Allah ya jiƙan Malam Kyari, ya haskaka makwancinsa, ya ba shi amsar tambayar kabari ba tare da in'ina ba. Allah ya ba mai ɗakinsa da 'ya'yansa haƙuri, ya tsaya musu kamar yadda ya tsaya wa 'ya'yan wasu. Amin.