Harsashi Mai Leɓe

Duk shekara idan damina ta fara ja da baya na kwance ƙullin irin albasa, da ɗan warin nan nasa ya bugi hancina sai hannuna ya tafi da kansa cikin adudu ya lalubo wani tsohon kwanson harsashi. Na tagulla ne, tsawonsa kamar ɗan yatsana, ya yi sumul saboda shafa. A gindinsa akwai wani ɗan leɓe da ya zagaye shi kamar gefen malafa. Da shi nake awon iri har yau, kuma duk wanda ya ce in koma awo da cokali to neman faɗa yake yi da ni.

Kwanson na Kakana ne, mahaifin babana. A ƙauyenmu da ke kusa da Aliero kowa manomin albasa ne, amma shi kaɗai ne ya taɓa hawa jirgin ruwa. Yana saurayi aka ɗauke shi soja, aka kai su yaƙin Bama, ya dawo da tabo a kafaɗa da wannan kwanso a aljihu. Maƙeran Jiga Makera suka yi masa ɗan murfi da zobe, ya rataya shi a wuya tare da asuwaki. Idan lokacin zuba iri ya yi sai ya tsuguna bakin fangali, ya cika kwanson, ya shafe bakin kwanson da babban yatsa, ya barbaɗa a layi. Renon albasarsa bai taɓa yin cunkoso ba, bai kuma taɓa yin gibi ba.

Ni ce 'yar gaban goshinsa. Yana kirana uwargida, ni kuma in ce na gaji da miji mai haƙori ɗaya, ya sake ni in huta. Ina kai masa fura gona in zauna in hana shi aiki da tambaya. A nan na san cewa bindigar da ya riƙe sunanta Birangan, mai ƙafa biyu ce, ana kwanciya a bayanta, kuma gidan harsasanta a kanta ake kafa shi. Mutum biyu ke aiki da ita. Lamba Ɗaya ne mai harbi, shi ne Kaka. Lamba Biyu kuwa shi ke cika gidajen harsasai yana miƙawa, kuma wani Bafulatani ne daga wajen Maiyama. Ban taɓa jin Kaka ya faɗi sunansa na yanka ba, kullum Lamba Biyu.

"Uwargida, kowace bindiga da abincinta," in ji shi, yana ɗora yatsana a kan leɓen. "Mutanen Japan na da tasu mai kama da tamu, ita ma gidanta bisa kai. Amma in kin ba tamu harsashinsu ba ta ci. Wanga leɓe shi na alamar namu."

Akwai wani aiki kuma da Kaka ke yi wa gari wanda ya fi noma nauyi. Gonakin fadama ba su da shinge, ruwa kan share kunya ya tafi da alama, to idan rigimar iyaka ta tashi shi maigari ke kira. Ya san inda kakan kowa ya tsaya da fartanya. Idan ya je ya kafa sandarsa ya ce nan ne, magana ta ƙare. Ba don ya fi kowa tsufa ba ne, don dai ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu Jihar Kebbi, ina 'yar firamare, Baffana ƙanin babana ya zo hutu. Shi ma soja ne, kuma ya daɗe bai zo gida ba. Gari ya ɗauka. Da la'asar dattawa suka cika gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, mu yara muna kai ruwa muna laɓewa. Hira ta gangaro kan bindigogi, wani ya ce Kaka ya nuna wa ɗansa harsashin Birangan. Kaka ya ciro shi daga wuya yana murmushi. Baffa ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya, sai na ga ya haɗa gira.

"Baba, wanga ba nata na ba," ya ce. "Na riƙe Birangan da hannuna wurin horo. Harsashinta ba shi da leɓe, tsagi gare shi."

Ya ma ciro maɓallansa, akwai wani kwanso rataye a jiki, ya nuna wa mutane. Gaskiya ne, gindinsa daidai yake da jikinsa, sai ɗan tsagi da ya zagaye. Baffa bai faɗa da mugun nufi ba. Shi mutum ne da idan ya ga abu sai ya faɗe shi, a wurin ubansa ya gado. Amma a cikin taron akwai wani maƙwabcinmu na gona, mai bakin tsiya, wanda ke rigimar iyaka da wasu marayu. Ya yi tsaki ya ce ashe dai dako aka yi a Bama, aka tsinto kwanso a hanya. Mutane suka fashe da dariya. Wasu ba su ma san abin da suke yi wa dariya ba.

Kaka bai taɓa raina 'yan dako ba. Yakan ce su ne suka ɗauki abinci da harsasai a ka cikin daji ba ko wuƙa a hannunsu, kuma sun fi shi zuciya. Abin da ya soke shi shi ne a ce shekara da shekaru yana ba garinsa labarin ƙarya. Ya karɓi kwansonsa ya mayar a wuya, ya ce Allah ya ba mu alheri, ya shiga gida.

Ba a jima ba maigari ya kira zaman iyakar marayun, ya aika a zo da Kaka. A gaban kowa maƙwabcin nan ya ce, "Wanda yam mance harsashin bindiga tai, ƙaƙa za shi tuna iyakar gona?" Babu wanda ya tsawata masa. Maigari ya sunkuyar da kai ya ce a ɗage zaman. Kaka ya dawo da sandarsa bai kafa ta ba, ya jingine ta a bayan ƙofa.

Daga ranar ya daina fita gindin darbejiya. Masallaci kawai, sai ɗaki. Ga iri ya isa zubawa, fangali a gyare, bai ko leƙa ba. Ina kai masa tuwo in dawo in tarar da shi yadda na ajiye. Na yi masa tsiyar haƙori ɗaya, ko kallona bai yi ba. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba, don na ga tsoho yana ƙarewa a zaune alhali babu ciwo a jikinsa. Na tambaye shi me ya sa ba zai fita ya yi musu bayani ba, ya ce shi bai roƙon a yarda da shi.

Sai na ɗauki kwanon tuwon na je na dire shi gaban Baffa, na durƙusa. Na ce ya duba, Kaka ba ya ci. Ya daɗe yana kallon kwanon.

"Ɗiyata, ƙarya kike so in yi? Abin da nig gani shi nif faɗi."

"To a tahi a tambayi Lamba Biyu," na ce.

Baffa bai ma san da wani Lamba Biyu ba. Ya bar gida tun yana yaro, labaran da ni na sha a bakin fangali shi bai same su ba. Washegari ya samo a-kori-kura, ya ce wa Kaka an ce tsohon abokinsa ba ya jin daɗi, ya kamata a gaishe shi. Kaka ya dube shi, ya dube ni, ya gane sarai, amma ya ɗauki hularsa. Na maƙale na ce ƙafata ƙafar mijina. Muka bi ta Jega, muka haye gada ruwa ya cika gulbi taf, muka miƙa kudu. Gero ya nuna ko'ina, ana ta yanka. Haka muka yi ta tafiya har Maiyama.

Da tambaya muka sami rugar. Lamba Biyu na zaune a kan buzu ƙarƙashin wata tsamiya, dogo, siriri, idanunsa sun yi fari fat, ya makance. Kaka ya yi sallama kawai. Tsohon ya ɗago kai kamar an taɓa shi da wuta.

"Lamba Ɗaya! Kana da rai?"

Suka riƙe hannun juna suka ƙi saki. Aka kawo nono da fura, aka gaisa aka sake gaisawa. Kaka bai ɗauko maganar ba ko da wasa. Baffa ne ya matsa, ya roƙi kwanson wuyan ubansa, ya haɗa da nasa, ya zuba su a tafin tsohon. Ya ce, "Baba, a cikin waɗanga wane na na Birangan?"

Tsohon ya shafa na Baffa, ya ajiye shi gefe. "Wanga ban san shi ba." Da yatsansa ya faɗa kan leɓen ɗayan sai ya yi dariya har da tari. Daga nan hannuwansa suka fara wani aiki su kaɗai. Hagu ya riƙe wani abu da ba ma gani, dama yana ɗauko wani abu yana dannawa da babban yatsa, yana turawa baya, yana sake ɗaukowa. Ya ce haka ake cika gidan. Dole leɓen kowane harsashi ya zauna a gaban leɓen wanda ya riga shi shiga. Idan guda ɗaya ya faɗa baya, leɓe ya sarƙe da leɓe, bindiga ta ƙi tashi, kuma ranar mutane za su mutu. Ya ce ruwan Bama ba ya barin mutum ya buɗe ido, don haka da yatsa ya koyi aikin, ga shi ido ya tafi yatsa bai manta ba. Ya nuna inda Kaka yake zaune ya ce wannan mutumin bai taɓa waiwayowa ya duba abin da na miƙa masa ba, ni kuma ban taɓa ba shi gidan da ya sarƙe ba.

Ya ƙara da cewa saboda leɓen ne ma gidan ya lanƙwashe kamar ƙahon rago. Nan Baffa ya gyara zama. Ya ce tasu gidanta kusan miƙaƙƙe ne. Ya shiga jero tambayoyi: ƙafafun, mariƙin da ke sama, yadda ake cire bututun idan ya yi zafi a sa wani. Duk amsar ɗaya ce da abin da ya sani. Sai ya dafe kai. Ya ce ya tuna, a jikin bindigar da aka koya musu akwai wani tsohon rubutu da aka soke da layi aka buga sabo a kusa, har da shekarar ƙira wadda ta girme shi. Bai taɓa tambayar dalili ba. Ashe tsofaffin Birangan ɗin ne aka sake wa bututu da gida don su ci sabon harsashi marar leɓe.

"Ashe bindigarka nir riƙe, Baba," ya ce. "Abincinta kawai anka sake."

Kaka ya ɗauki ƙwaryar fura ya shanye tas, ya miƙa a ƙaro.

Mun iso gida ana fitowa sallar la'asar. Baffa bai ko shiga gida ba. Ya tsaya gindin darbejiya ya faɗi abin da ya gani da abin da ya tuna, da muryar da ya faɗi maganar farko, ya ɗaga kwanso biyun kowa ya gani. Sannan ya cire hularsa ya tsuguna gaban ubansa a bainar jama'a ya nemi gafara. Kaka ya ce ba ka yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba, tashi. Ni kuwa ina bakin zaure ina kallon maƙwabcin nan ido cikin ido, har sai da ya kau da kai. Da safe Kaka ya ɗauko sandarsa daga bayan ƙofa, ya gangara fadama maigari na biye, ya kafa ta. Marayun suka sami gonarsu, 'ya'yansu ne ke nomanta yanzu. Daga can ya wuce fangalinsa ya zuba iri.

Yau duk sun tafi, shi da Lamba Biyu, Allah ya jiƙansu. Iri a gwangwani yake zuwa da awonsa rubuce a jiki, rigimar iyaka kuma sai kotu. Bindiga ma ta zama abin da idan an ambata sai uwa ta ƙirga 'ya'yanta, yara sun san sunayenta ta hanyar da ba mu so ba. Shi ya sa nake son a san cewa a gidanmu an yi mutumin da ya riƙe ta a inda aka aike shi, ya dawo ya mai da kwansonta ma'aunin iri, kuma abin da ya fi tsoron rasawa shi ne gaskiyar bakinsa. Ina alfahari da shi, ba na ɓoyewa.

A ciwonsa na ƙarshe ya cire kwanson daga wuya. Ga 'ya'yansa maza a zaune, har da Baffa, amma ni ya kira. Na ce me zan yi da gadon miji mai haƙori ɗaya. Ya damƙa mini shi ya rufe hannuna da nasa.

"Uwargida, ran da anka yi dariya na duba kowa. Ke ɗai ba ki yi ba."